Wilin da Harshe Ke Cinna wa Wuta: Nazarin Kalmar Trokhos a Yaƙub 3:6

A wani zaman nazarin Littafi Mai Tsarki da nake yi da masu koyarwa a ikilisiya, wani matashi ya ɗaga hannu muna tsakiyar sura ta uku ta Wasiƙar Yaƙub. Ya ce, "Malam, na karanta a intanet wai wannan aya ta nuna Yaƙub ya yarda mutum yana mutuwa a sake haifarsa, ya mutu a sake haifarsa, don a Helenanci cewa ya yi wilin haihuwa. Masu fassara ne suka ɓoye." Na ce masa rabin maganarsa gaskiya ne, kuma rabin nan ba ƙarami ba ne. Kalmar wili, wato ƙafar keke ko ta mota, tana cikin ayar, fassarori da dama kuma sun shafe ta. Sauran rabin ne ya sa na koma na bi kalmar daga tushe.

Ga ayar kamar yadda zan juya ta kalma da kalma: harshe wuta ne, duniyar mugunta ce a cikin gaɓoɓinmu, yana ɓata jiki duka, yana cinna wa *ton trokhon tes geneseos* wuta, shi kuma Gehenna, wato gidan wuta, ce ke cinna masa. Waɗannan kalmomi huɗu da na bari a Helenanci su ne abin nazari. Kalmar trokhos, wadda matashin ya kira wili, ba ta sake fitowa ko'ina a Sabon Alkawari ba, nan kaɗai take. Haka ma aikatau ɗin cinna wuta, *flogizo*, a wannan aya kawai yake, sau biyu. Ba mu da wata aya ta Bulus ko ta Linjila da za mu ɗauko mu auna ta da ita.

Kalma ɗaya a rubuce, biyu a baki

Matsala ta farko Bahaushe zai gane ta nan take, domin muna da irinta. In ka ga an rubuta "kuka", ba ka san ko na hawaye ake nufi ko bishiyar da ake miya da ganyenta ba, sai jimla ta nuna maka, ko ka ji yadda aka karya murya. Helenanci na da irin wannan. Daga aikatau *trekho*, wato gudu, aka sami sunaye biyu masu haruffa iri ɗaya. In murya ta hau a gaɓar ƙarshe, trokhós, abin da ke gudu ake nufi: ƙafar keken doki, ko faifan da maginin tukwane ke juyawa. In ta hau a gaɓar farko, trókhos, gudun kansa ake nufi, ko filin da ake tsere a kai. Masana nahawun Helenanci na dā sun san wannan bambanci, har an naƙalto shi daga Tirifon na Iskandariya, wanda ya rayu a ƙarni na 1 kafin haihuwar Almasihu. A wasan kwaikwayon Yuripidis mai suna Medeya an yi amfani da ta biyun wajen yaran da suka dawo daga guje-guje, Sofokilis kuma a Antigone ya yi amfani da ita wajen tafiyar rana a sama.

Da Yaƙub ya sa alamar murya a kan kalmar, da magana ta ƙare. To ba a sa ta a lokacin. An ƙirƙiro alamomin a Iskandariya wajen shekara 200 kafin Almasihu, ana danganta su ga Aristofanis na Bizantiyom, amma ba su zama ruwan dare a littattafai ba sai wajen ƙarni na 9. Ɗaya daga cikin tsofaffin shaidun wannan wasiƙa wani guntun takardar fafirus ne na ƙarni na 3 da aka tono a Oksirinkus ta ƙasar Masar, masana na kiransa P20, yana ɗauke da Yaƙub 2:19 zuwa 3:9, yanzu kuma yana Jami'ar Princeton a Amurka. Shi da manyan kundaye na ƙarni na 4, Sinaitikus da Batikanus, da manyan baƙaƙe aka rubuta su a jere ba tazara, marubutan farko kuma ba su bi kalmomi da alamun murya ba. Abin da mai karatu na farko ya gani shi ne ΤΡΟΧΟΝ, shi ke nan. Duk alamar da ka gani yau a bugun Sabon Alkawari na Helenanci hukuncin masu kwafi da editoci ne na baya.

Nan fassarori suka rabu. Vulgata ta Latin ta ce *rotam nativitatis nostrae*, wilin haihuwarmu. Fassarar King James ta 1611 ta bi ɗaya hanyar, ta ba da ma'anar tafiya ko hanyar halitta. Da aka yi mata gyara a Ingila a 1881 sai aka dawo da wili, bugun Amurka na 1901 ma haka. Yawancin fassarorin zamani sun zaɓi su faɗi ma'ana su bar hoton, sai su ce harshe yana ƙona dukan tafiyar rayuwar mutum. Luther ma a Jamusanci abin da ya yi ke nan tun ƙarni na 16, ya sa kalmar da ke nufin tafiyar mutum da halinsa.

Ni ina tare da masu cewa wili ne, dalilina kuma ba mai nisa ba ne. Trókhos mai nufin tsere kalma ce ta mawaƙan Atina, ba ta yawo sosai a Helenancin kasuwa na zamanin manzanni. Trokhós kuwa ta cika Tsohon Alkawari na Helenanci, wato Septuaginta, littafin da Yaƙub da masu karanta wasiƙarsa suka saba da shi. Ban da haka, ana iya ƙona wili, katako ne. Filin tsere fa, me za a ƙona a cikinsa? Mutumin da ya gama maganar linzami a bakin doki, da ɗan katakon da ke juya jirgin ruwa, da 'yar wuta mai cinye kurmi, ba na jin zai sauka daga abubuwan da ake gani da ido a daidai inda maganarsa ta fi zafi.

Inda kalmar ta saba zama

A Septuaginta, trokhos ce ke tsayawa a madadin kalmomin Ibrananci biyu masu nufin wili, *ofan* da *galgal*. Ita ce a wahayin Ezekiyel sura ta 1, inda aka ga wili cikin wili, gefensu cike da idanu. A sura ta 10 an umarci mutumin nan mai tufafin lilin ya shiga tsakanin wilolin ya ɗebo garwashin wuta ya watsa a kan birni, a aya ta 13 kuma masu fassara sun bar kalmar Ibranancin yadda take, suka rubuta Gelgel. A Daniyel 7:9 kursiyin Mai Zamanin Dā harshen wuta ne, wilolinsa wuta mai ci. A Mai-Wa'azi 12:6 wilin da ke bakin rijiya ne ya lalace, ma'ana rai ya ƙare. A littafin Sirak 33:5 an ce cikin wawa kamar ƙafar amalanke ne, tunaninsa kamar ƙarfen tsakiya mai juyawa.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Zabura 83:13 da 14. Mai zabura yana roƙon Allah ya mai da maƙiya kamar *galgal*, kamar ƙaiƙayi a gaban iska, kamar wutar da ke cin kurmi. A Ibrananci mai yiwuwa busasshiyar ƙayar nan ce da iska ke mirginawa a fili, amma Septuaginta ta ce trokhos. Ga wili, ga wuta, ga kurmi, a ayoyi biyu maƙwabta, kamar yadda suke a Yaƙub 3:5 da 6. Ba zan ce daga nan ya ɗauko ba, domin kalmar kurmi da ya yi amfani da ita daban ce da ta zaburar. Abin da zan iya cewa shi ne kunnen da ya tashi da jin Zabura a Helenanci ba zai ji haɗa wili da wuta baƙon abu ba.

Akwai kuma wani wili mai ban tsoro da Yahudawa masu jin Helenanci suka sani. A littafin Makabiyawa na Huɗu, sura ta 9, an ɗaure babban cikin 'yan'uwa bakwai a kan trokhos na azaba a gaban sarki Antiyokus, aka hura wuta a ƙarƙashinsa ana ƙara ɗaure shi. Wannan ma yana cikin abin da kalmar ke ɗauke da shi a wancan zamani.

Sai kalma ta biyu, *genesis*. Tana nufin haihuwa, asali, ko kasancewar mutum tun daga haihuwarsa. A nan mun yi sa'a, domin Yaƙub da kansa ya yi amfani da ita a 1:23, inda ya ce mai jin magana bai aikata ba kamar mai duba "fuskar genesis ɗinsa" ne a madubi, wato fuskar da aka haife shi da ita. A littafin Yudit 12:18 matar ta ce dukan kwanakin genesis ɗina, tana nufin tun da aka haife ni. Saboda haka wilin genesis shi ne wilin da ya fara juyawa ranar da aka haifi mutum.

Maganar sake haihuwa

Yanzu mu dawo ga tambayar matashin nan, domin ba daga iska masu wannan magana suka ɗauko ta ba. A cikin Helenawa akwai wata ɗariƙa da ake danganta wa Orfiyus, wani mawaƙi na tatsuniyoyinsu, wadda ta koyar da cewa rai yana fita daga jiki ya shiga wani, yana ta zagaye har sai ya tsarkaka ya kuɓuta. A Turiyoi ta kudancin Italiya an tono wani ɗan faifan zinariya daga kabari na ƙarni na 4 kafin Almasihu, an rubuta a kai da bakin mamacin cewa ya tashi ya fita daga da'irar nan mai nauyin baƙin ciki. Masanin falsafa Furoklus a ƙarni na 5 bayan Almasihu ya yi maganar da'irar genesis da wannan ma'ana. Simfilikiyus a ƙarni na 6, yana sharhi a kan wani littafin Aristotil, ya ambaci wilin ƙaddara da genesis, yana fassara tatsuniyar Iksiyon wanda Zeyus ya ɗaure a kan wili mai juyawa har abada. Kalmomin sun yi kusa da na Yaƙub ƙwarai, wannan ba abin musu ba ne. Wasu ma sun wuce nan, sun kai maganar har Indiya, inda mabiya Buda ke zana wilin rayuwa.

Amma a duba shekaru. Yaƙub ɗan'uwan Ubangiji an kashe shi a Urushalima a shekara ta 62, kamar yadda ɗan tarihi Yosefus ya ruwaito. Ko da an bi masanan da ke ganin wani ne ya rubuta wasiƙar daga baya da sunansa, yawancinsu ba sa kai ta bayan farkon ƙarni na 2. Simfilikiyus ya zo bayan haka da shekaru ɗari huɗu ko fiye. Tsofaffin shaidun ɗariƙar kuma *kuklos* suke cewa, da'ira, ba trokhos ba. Masanin nan Bajamushe Martin Dibelius, a sharhinsa na 1921, ya yarda furucin yana da asali a can, amma ya ce kafin ya iso hannun Yaƙub ya riga ya suɗe, ya zama maganar kowa da kowa mai nufin hawa da saukar rayuwa. Haka harshe yake. Mutum nawa ne ke cewa "hatsabibi" yau yana tunanin inda kalmar ta samo asali?

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin wasiƙar kanta. A wurin mabiya Orfiyus wilin haihuwa kurkuku ne, burin mutum ya fita daga cikinsa. Da Yaƙub nasu ne, ƙona wilin ai albishir ne. Shi kuwa masifa ya ɗauke shi, ya jera shi da ɓata jiki, ya ce daga Gehenna wutar ta fito. Abin da ake baƙin cikin ƙonewarsa abu ne mai daraja. Mutumin da ya ce a 4:14 ranmu tururi ne mai bayyana ɗan lokaci ya ɓace, ya ce a 5:9 ga alƙali tsaye a bakin ƙofa, bai bar wurin zagaye na biyu ba. Kalmar Gehenna ma shaida ce. Sau 12 ta fito a Sabon Alkawari, 11 a Matiyu da Markus da Luka daga bakin Yesu, ɗaya tak a wajensu, ita ce wannan. Sunan Kwarin Hinnom ne da ke gefen Urushalima. Mai wannan magana a duniyar Yahudawa yake tsaye.

A wannan duniyar kuwa, kwatanta rayuwa da wili tsohon abu ne, kuma yana da wurin da ya saba fitowa. Wani Bayahude mai rubutu da Helenanci, a tsakanin ƙarni na 1 kafin Almasihu da na 1 bayansa, ya tsara baitocin nasiha ya jingina su ga tsohon mawaƙi Fokilidis. A baiti na 27 ya ce wahala ta kowa ce, rayuwa trokhos ce, arziki ba ya zama wuri ɗaya. Baitocin da ke kewaye da shi duk a kan taimakon matalauci ne: ka ba shi yanzu kada ka ce gobe, ka karɓi marar gida, ka ja makaho, ka miƙa wa mai faɗuwa hannu. Talmud ta Babila, wato kundin koyarwar malaman Yahudawa, a sashen Shabbat 151b, ta kawo irin wannan. An ruwaito Rabbi Hiyya ya ce wa matarsa in matalauci ya zo ta hanzarta ba shi gurasa, don a yi wa 'ya'yanta haka. Ta ce, baki kake yi musu? Sai ya kawo mata Maimaitawar Shari'a 15:10, inda kalmar *biglal* take, mai nufin "saboda" amma mai kama da *galgal* a baki, da koyarwar makarantar Rabbi Isma'il cewa *galgal* ne mai juyawa a duniya. A wurin dai an ce talauci in bai sami mutum ba zai sami ɗansa, in bai sami ɗansa ba zai sami jikansa. Talmud ta zo bayan Yaƙub a rubuce, don haka ba tushensa ba ce, amma ta nuna yadda hoton ya zauna a bakin Yahudawa.

Wannan ya yi daidai da Yaƙub kamar an auna. Shi ne ya ce a 1:9 da 10 ɗan'uwa ƙasƙantacce ya yi fahariya da ɗaukakarsa, mai arziki kuma da ƙasƙancinsa. Shi ne ya tsawata wa masu zaunar da mai zoben zinariya a wuri mai kyau su bar matalauci a tsaye. Mu ma muna cewa duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya, ba wanda ya taɓa jin haka ya ce muna koyar da sake haihuwa.

Abin da ake rasawa in an cire wilin

Fassarar da ta fi taɓa ni a cikin tsofaffi ita ce Feshitta ta Suriyanci, ta wajen ƙarni na 5. Ba ta zaɓi ɗaya ta yar da ɗaya ba. Ta ce harshe yana ƙona jerin zuriyoyinmu masu gudu kamar wiloli. Ga gudu, ga wili, ga genesis an ɗauke ta da ma'anar tsara bayan tsara. Masu wannan fassara harshensu ɗan'uwan Aramayancin da ake yi a Falasɗinu ne, kuma sun ji a cikin furucin wani abu da ya wuce ran mutum ɗaya. Ba na cewa lalle haka Yaƙub ya nufa. Amma duk wanda ya ga gidaje biyu da ba sa gaisawa saboda maganar da kakanni suka yi a wurin rabon gado, ya san masu Feshitta ba su yi ƙarya ga rayuwa ba.

Masu sharhi sun daɗe suna kawo hoton wilin da ya kama wuta daga tsakiya, kuma ina ganin hoton ya dace. Ƙafar keken dā katako ce mai juyawa a kan sanda. In babu mai, gogayya na sa tsakiyar ta yi zafi har ta kama, wutar ta bi sandunan ta kai baki. Duk bakanike ya san abin da ke faruwa in boris ya bushe ba giris, direbobin manyan motoci kuma sun san yadda taya ke kamawa a gangare in birki ya yi zafi. Abin lura shi ne gudun da ya kamata ya kai ka gida shi ke hura wutar. Harshe yana tsakiyar harkar mutum kamar haka: da shi ake ciniki, da shi ake neman aure, da shi ake shaida a gaban alƙali, da shi ake wa'azi. Kada a manta kuma da wa Yaƙub ya fara wannan sura. Aya ta 1 cewa ta yi kada da yawa su zama masu koyarwa, domin hukuncinmu zai fi tsanani. Ya sa kansa a ciki. Ni da nake tsaye gaban aji ina bayanin trokhos, ni ne farkon wanda ayar ke kallo, kuma na ji nauyin hakan ranar.

In aka ce kawai harshe yana ɓata dukan rayuwar mutum, ba a yi kuskure ba, ma'anar ta isa. Sai dai an mai da rayuwa miƙaƙƙen layi, wuta ta ci daga wannan gefe zuwa wancan ta mutu. Wili ba haka yake ba. Gefen da ya ƙone yana dawowa, ya taɓa ƙasa, ya sake hawa, kuma duk inda ya mirgina yana barin wuta a ciyawa. Maganar da ka faɗa wa matalauci kana sama za ta iske ka ranar da juyi ya kawo ka ƙasa.

Wahalar mai fassara zuwa Hausa ta gaske ce, ba na raina ta. Kalmarmu ta asali ƙafa ce, ƙafar mota, ƙafar keke. A aya mai maganar gaɓoɓin jiki, in ka ce harshe yana ƙona ƙafar rayuwa, mai sauraro zai duba ƙafarsa. Taya roba ce, ta gareji. Wili ta fi kusa, amma tsohuwa a ƙauye ba lalle ta ji ta a matsayin maganar Littafi ba. Gare-gare wasan yara ne, ba zai ɗauki nauyin Gehenna ba. Da ni za a tambaya, a cikin nassi zan sa "yana cinna wa juyin rayuwa wuta", domin juyi kalma ce da Bahaushe ya riga ya haɗa da duniya, tana riƙe da motsin wili ko da ba ta ambaci katakonsa ba. A ƙasan shafi kuma in rubuta cewa a Helenanci wilin haihuwa aka ce, don mai karatu irin matashin nan ya gani da idonsa ba a ɓoye masa komai ba.

Da muka sake haɗuwa mako na gaba na kawo masa hoton shafin Sinaitikus, wanda kowa ke iya gani a intanet, na nuna masa haruffan shida a jere ba alama a kansu. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To Malam, ashe wanda ya fara karanta wa jama'a wasiƙar da ƙarfi, shi ya fara yanke hukuncin." Na ce haka ne, dole muryarsa ta hau a gaɓa ɗaya cikin biyun.